Yadda Ake Amfani da Sinadaran Ƙara Girma a Abincin Aladu Ba Tare da An Ɓata Nama Ba

Dillalan kasuwar aladu ta Katsit, kusa da Kafanchan, ba sa tambayar me alade ya ci. Hannu suke ɗora masa a gadon baya, su latsa, su dubi cinya, su yanke kuɗi. Mahaucin da zai yanka shi a Zonkwa ko Sabon Tasha kuwa, shi zai ga kitsen da ya ƙi daskarewa, ko naman da ya yi fari fat yana tsiyayar ruwa a kan tebur, kuma daga ranar ba zai sake neman kayanka ba. Saboda haka mai kiwo yana da ma'auni biyu: nauyi da ingancin nama. Akwai sinadarin da ke taimaka wa duka biyun, akwai wanda ke ƙara ɗaya ya rage ɗaya, akwai kuma wanda kuɗinka kawai zai ci.

Kayan da za ka tanada

Sikeli biyu. Babba na rataya mai ɗaukar kilo 100 zuwa 150, da ƙarami na lantarki mai auna giram ɗaya-ɗaya, irin na masu yin kek. Ƙaramin shi ne ginshiƙin aikin, domin yawancin sinadaran nan da giram ake zuba su. Cokali da murfin kwalba ba ma'auni ba ne.

Tef ɗin tela, littafi da biro, shebur, rariya, bokiti biyu busassu, da daɓen siminti mai tsabta ko tamfol mai kauri. Sai safar hannu da ƙyallen rufe hanci.

Na abinci: masara, dusar waken soya wadda aka tatse wa mai, dusar alkama, dusar ƙwallon manja da ake kira PKC, garin ƙashi, gishiri. Na ƙari: firimis na aladu (gaurayen bitamin da ma'adinai), laisin da metiyonin (tubalan gina furotin ne), hodar kama gubar fumfuna, sannan sinadarin da kake son gwadawa. Kada ka sayi abin da ba shi da lambar rajistar NAFDAC, da sunan abin da ke ciki, da ranar lalacewa. Hodar da aka ƙulla a farar leda aka ce maka "mai sa ƙiba ce", bar ta a inda ka gan ta.

Mataki na 1: Kawar da abin da ke hana girma tukuna

Aladen da tsutsa ta cika wa ciki, ko ƙaiƙayi ya hana shi kwanciya, ko komin ruwansa ya bushe tun hantsi, babu sinadarin da zai yi masa aiki. Yi wa garken allurar ibamektin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, mililita 1 ga kowane kilo 33 na nauyi, a ƙarƙashin fata bayan kunne. Tana maganin tsutsar ciki da ƙwarin fata gaba ɗaya. Jarirai kuma a yi musu allurar sinadarin ƙarfe, miligiram 200, a kwana na uku da haihuwa idan a kan siminti suke, domin nonon uwa ba ya wadatar da su, kuma ba su da ƙasar da za su tona su samu.

Ruwa: lissafa lita 2 zuwa 3 ga kowane kilo na busasshen abinci, ka ƙara sosai a watannin Maris da Afrilu. Aladen da bai sha ba, ba zai ci ba. Haka nan gishirin da ke cikin abinci kan zama guba idan ruwa ya yanke na yini guda sannan aka ba su suka sha da yawa a lokaci ɗaya.

Mataki na 2: Auna aladun, ka rubuta

Idan ba ka san nauyinsu na yau ba, ba za ka san ko sinadarin ya yi aiki ba, ido kuwa yana ruɗin mai kaya. Ƙananan a sa su a buhu a rataya a sikeli. Manyan a yi amfani da tef: auna zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, sannan tsawo daga tsakanin kunnuwa zuwa gindin wutsiya, duka a mita. Ninka zagayen ƙirji da kansa, ka ninka da tsawo, ka ninka da 69.3. Misali, ƙirji 0.90, tsawo 0.85: 0.90 sau 0.90 ya ba da 0.81, sau 0.85 ya ba da 0.69, sau 69.3 ya ba da kusan kilo 48. Ƙiyasi ne, yana iya kaucewa da kilo biyu ko uku, amma in mutum ɗaya ne ke aunawa kullum, da safe kafin cin abinci, zai nuna maka inda aka dosa.

Mataki na 3: Gyara ainihin abincin

Sinadarin ƙara girma ba ya maye gurbin abinci. Abin da ya fi hana aladun kudancin Kaduna girma shi ne ƙarancin furotin, musamman laisin, domin dusar masara da dusar burukutu zalla ake ba su. Laisin shi ne tubalin da jiki ke fara rasawa wajen gina tsoka. In ya yi ƙaranci, aladen zai ci ya ƙoshi, amma abin da ya ci kitse zai koma.

Ga haɗin kilo 100 na aladu masu tasowa, daga kilo 25 zuwa 50: masara kilo 55, dusar waken soya kilo 22, dusar alkama kilo 12, PKC kilo 8, garin ƙashi kilo 2, gishiri giram 350, firimis giram 250, laisin giram 200, metiyonin giram 50, hodar kama guba giram 150. Wannan yana ba da furotin kusan kashi 17 zuwa 18 cikin 100. Daga kilo 50 zuwa ranar sayarwa, mayar da masara 58, waken soya 14, dusar alkama 14, PKC 11, sauran ƙananan su zauna yadda suke. Furotin ya sauka zuwa wajen kashi 15, kuma ya isa.

Aladen kilo 25 yana cin kusan kilo 1.2 a rana, na kilo 50 wajen kilo 2, na kilo 80 tsakanin 2.5 da 3.

In masara ta yi tsada, dawa na iya maye gurbinta, amma fara ko kaura, domin jar dawa mai ɗaci tana rage narkewar furotin. In babu dusar waken soya, soya ɗanyen waken a kasko har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ƙanshin ɗanye ya fita, sannan a niƙa. Ɗanyen waken soya yana ɗauke da abin da ke toshe narkar da furotin, a ba yaye shi sai zawo da rama. Tunkuza da ƙuli-ƙuli suna da furotin sosai amma laisin ɗinsu kaɗan ne, don haka in da su za ka yi, ɗaga laisin zuwa giram 300. Dusar angurya kuwa a yi hattara da ita: tana da gubar gosifol wadda shanu ke jurewa amma aladu ba sa jurewa. Kada a ba ƙanana ko kaɗan.

Sai maganar fumfuna. Masara da gyaɗar da aka adana da danshi suna tara gubar afalatoksin, wadda ke cin hanta, ta rage cin abinci, ta karya garkuwar jiki. Ba lallai ka gan ta da ido ba. Hodar kama guba, wadda yawanci yumɓu ce ta musamman, tana rage ɓarnar, amma ba ta mayar da ruɓaɓɓiyar masara ta zama mai kyau. Ka damƙi masarar ka shinshina. In tana warin rima ko ta dunƙule a buhu, kada ka saya komai arharta.

Mataki na 4: Zaɓi sinadari bisa shekarun aladen

A nan ake yawan kuskure, domin mutane suna ɗauka abin da ya yi wa yaye aiki zai yi wa babba. Yawancin sinadaran nan a hanji suke aiki, kuma hanjin ɗan yaye shi ne mai rauni. Da zarar alade ya haura kilo 30 zuwa 40, amfaninsu yana raguwa.

Ga yaye, mako biyun farko bayan rabuwa da uwa su ne masu haɗari. Cikinsu bai fara fitar da isasshen ruwan tsami ba, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin yaɗuwa, zawo ya biyo baya. Abu biyu ke taimakawa. Na farko, sinadarin tsami, irin su sitirik asid da ake samu wurin masu kayan haɗa lemo: kilo 1 a cikin kilo 100 na abinci. Na biyu, farar hodar zinki oksaid, giram 250 zuwa 300 a cikin kilo 100, na kwana 14 kacal. Kada ka wuce haka. In aka daɗe a kai yana hana jiki shan tagulla da ƙarfe, ragowar kuma tana fita a kashi ta taru a gonar da ka zuba takin. Saboda wannan ne Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a wannan ma'auni mai yawa tun 2022.

Bayan kwana 14, wasu suna komawa kan kofa salfet, wato shuɗin gishirin tagulla. Kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa tagulla ce, don haka giram 50 a kilo 100 na abinci yana ba da miligiram 125 a kowane kilo, giram 100 kuma ya ba da 250. Tsaya a giram 50. Yana ƙara cin abinci da saurin girman ƙanana, kashinsu kuma zai yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne. Amma abu uku. Dole a daka shi ya zama gari lilis, domin dunƙule ɗaya na iya ƙona cikin alade guda. Tumaki kada su kusanci wannan abinci, ko ragowarsa, domin tagulla tana taruwa a hantarsu ta kashe su, kuma a gidajenmu tumaki da aladu sukan haɗa tsakar gida ɗaya. Na uku, ci gaba da ba da shi har lokacin sayarwa yana sa kitse ya yi laushi. Cire shi da zarar sun kai kilo 30.

Faitas, wato hodar da ke taimaka wa narkar da abinci, shi ne wanda ya dace da kowane mataki. Yawancin fosfaras da ke cikin masara, dusa da waken soya a ɗaure yake, cikin alade ba ya iya kwance shi. Faitas ne ke kwancewa. Duba ƙarfinsa a jikin leda: in an rubuta 5,000 a kowane giram, giram 10 ya ishi kilo 100 na abinci. Da shi za ka iya rage garin ƙashi da kusan rabin kilo. Akwai kuma gaurayen sinadaran narkar da ƙaiƙayin dusa, waɗanda amfaninsu ke fitowa idan abincinka PKC da dusar alkama sun yi yawa a ciki. A abincin da masara da waken soya suka rinjaya, da wuya ka ga bambanci.

Hodar ƙwayoyin halitta masu amfani ga hanji, irin yis da dangin ƙwayoyin nono, wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci shiru. Rayayyun abubuwa ne, kuma ledar da ta yi wata shida a shago mai rufin kwano, ba ka san nawa suka rage da rai ba. Haka citta, tafarnuwa da garin zogale. Citta dai ga ta nan a Kachia da Kwoi, babu laifi ka gwada kaɗan, amma kada ka ɗora lissafin ribarka a kanta sai ka auna ka gani.

Mataki na 5: Abubuwan da ba za ka zuba ba

Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su oksitetirasaikilin da tailosin, in aka riƙa barbaɗa shi kaɗan-kaɗan kullum a abinci, gaskiya ne yana ƙara girma, musamman a ɗaki mai ƙazanta. Illar ita ce ƙwayoyin cutar suna sabawa da shi. Ranar da zawo na gaske ya shigo garken, ka yi allurar ta ƙi ci. Kuma ƙwayoyin da suka saba ba a ɗakin aladu suke tsayawa ba, suna bin nama, ruwa da hannun mai kiwo su isa gida. A 2015 masana a ƙasar Sin suka bayyana gano wani gadon jure wa kolistin a ƙwayoyin cutar jikin aladu, alhali kolistin yana cikin magungunan da likitoci ke ajiyewa sai sauran sun gaza. Tarayyar Turai ta hana amfani da irin waɗannan magunguna don ƙara girma tun Janairun 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar a daina a 2017. Magani na mara lafiya ne, da umarnin likitan dabbobi, na kwanakin da aka ƙayyade.

Sai raktofamin, wanda za ka ji ana yabonsa a intanet. Yana juya abinci daga yin kitse zuwa yin tsoka. Amurka ta amince da shi ga aladu a 1999, ana ba da shi miligiram 5 zuwa 10 a kilon abinci a makonnin ƙarshe kawai, tare da furotin da bai gaza kashi 16 ba, kuma ƙarfinsa yana dushewa bayan mako uku zuwa huɗu. Tarayyar Turai, Sin da Rasha sun hana shi. Yana ƙara nama, amma naman yakan ɗan yi tauri, aladen kuma bugun zuciyarsa ya ƙaru, ya zama mai saurin firgita da gajiya. Ka auna wannan da yadda ake kai aladu kasuwa a nan, a ɗaure a bayan babur ko a cushe a mota cikin rana. Ga kuma ma'aunin: giram ɗaya ko ƙasa da haka a kilo 100, abin da shebur ba zai taɓa rarrabawa daidai ba. Ɗan'uwansa kilenbutarol ya fi muni, domin yana zama a hanta, kuma ya sha kwantar da masu cin nama a asibiti a ƙasar Sin da ciwon kai, rawar jiki da bugun zuciya. Wannan na daga cikin dalilan guje wa hodar da ba ta da suna.

Kada kuma ka yi wa alade allurar deksametason, wato maganin kumburi, don ya cika ido. Garkuwar jiki yake karyawa.

Mataki na 6: Gauraya

Yawancin waɗanda suka ce sinadari bai yi musu aiki ba, a nan suka faɗi. Giram 10 na hoda a cikin kilo 100, in ka watsa shi a saman tari ka juya sau biyu, alade ɗaya ne zai cinye rabon goma.

Auna duk ƙananan kayan ɗaya bayan ɗaya: firimis, laisin, metiyonin, gishiri, hodar kama guba, da sinadarin da ka zaɓa. Tankaɗe su a rariya, duk abin da ya dunƙule ka murje shi. Zuba su a bokiti tare da kilo 1 na dusar alkama mai laushi, ka cuɗa da hannu har launi ya zama ɗaya. Ƙara kilo 4, ka sake cuɗawa. Juye wannan a kan kilo 20 na niƙaƙƙiyar masara, ka gauraya. Yanzu shimfiɗa sauran kayan a daɓe hawa-hawa, mai yawa a ƙasa, ka baza wannan haɗin a sama. Da shebur, kwashe tarin gaba ɗaya ka mayar da shi gefe, kowane shebur kana zubawa a kan tsinin sabon tarin don ya gangaro ta ko'ina. Yi haka sau huɗu.

Ga hanyar gane ko ya gaurayu: kafin ka fara juyawa, zuba gwangwanin madara ɗaya na jar dawa da ba a niƙa ba. Bayan ka gama, ɗebo cikin gwangwani daga wurare biyar na tarin, ka baza kowanne a faranti ka ƙirga jajayen ƙwayoyin. In wani ya ba ka uku wani ya ba ka ashirin, koma ka sake juyawa.

Kada ka haɗa abin da ya wuce na mako biyu, da damina ma na mako ɗaya. Ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango.

Ga masu dafa abinci: zafi yana kashe faitas, ƙwayoyin hanji masu amfani da wasu bitamin. Ragowar abincin gida ko na gidan sayar da abinci dole ne a tafasa shi awa ɗaya ana juyawa saboda zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Najeriya a 1997 kuma ba shi da magani. Amma sai ya huce sannan a zuba kayan ƙari. Masu amfani da ɗanyar dusar burukutu kuma su tuna yawancin nauyinta ruwa ne, kusan kashi uku cikin huɗu. Duk ma'aunin da ke sama na busasshen abinci ne. In ka lissafa zinki ko tagulla bisa nauyin jiƙaƙƙiyar dusa, ka ninka ma'aunin sau uku ko huɗu ba ka sani ba. Dusar burukutu kuma ba ta wuce kwana biyu zuwa uku ba tare da ta fara fumfuna ba, sai dai in an shanya ta.

Mataki na 7: Gwada a ɗaki biyu

Raba aladu masu shekaru ɗaya gida biyu, nauyi kusan ɗaya, maza da mata daidai a kowane ɓangare. Abinci ɗaya, ruwa ɗaya, bambancin kawai sinadarin. Sinadari ɗaya a lokaci ɗaya, in ka zuba uku ba za ka san wanne ya yi aikin ba. Sauya abincin a hankali cikin kwana huɗu zuwa biyar. Rubuta abin da ka zuba kullum, ka cire abin da suka rage. Bayan kwana 28 ka sake aunawa.

Ga misalin lissafi. Aladu shida a kowane ɗaki, kowane rukuni ya fara da kilo 180. Ɗakin farko ya kai 272, ya ci kilo 267: ƙarin nauyi 92, wato kilo 2.9 na abinci ga kowane kilo na nauyi, kowane alade yana ƙara giram 550 a rana. Ɗaki na biyu mai sinadari ya kai 281, ya ci kilo 273: ƙari 101, wato 2.7, giram 600 a rana. Ribar ita ce kuɗin kilo 9 na alade, a cire kuɗin ƙarin abinci kilo 6 da kuɗin sinadarin. In abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, bar shi. Aladu shida kuma ba su da yawa, guda ɗaya ya yi zawo na kwana uku sai lissafin ya karkace, don haka maimaita gwajin da wani rukuni kafin ka sayi buhu guda.

Mataki na 8: Makonni huɗu zuwa shida na ƙarshe

Alade ba kamar saniya ba ne. Irin man da ya ci, kusan shi yake ajiyewa a jikinsa. Ka ba shi soyayyen waken soya mai cikakken mai, ko dusar shinkafa mai laushi, ko ƙuli-ƙulin da ba a tatse sosai ba, kitsensa zai fito da laushi, yana narkewa a hannu, yana saurin yin ɗoyi. A wannan lokaci rage su, ka koma kan dusar waken soya da aka tatse. PKC da garin rogo suna sa kitse ya yi fari ya yi ƙarfi. Garin kifi da ragowar kifi a cire su gaba ɗaya, in ba haka ba naman zai yi ƙarni.

Bitamin E shi ne ƙarin da ya cancanci kuɗinsa a nan. Ba ya ƙara nauyi, amma yana jinkirta lalacewar kitse, nama ya daɗe da launinsa. In hodarka mai ƙarfin kashi 50 ce, giram 20 zuwa 40 a kilo 100 na abinci. Yana da amfani sosai ga wanda ke sayar wa masu ajiye nama a firji ko masu yin tsiran alade. Wanda zai sayar a yanka a cinye a yini ɗaya, ba dole ba ne.

Kada ka rage laisin don ka ga sun girma. Wannan ne lokacin da jiki ya fi karkata ga tara kitse.

Duk maganin da aka yi wa alade, duba kwanakin jira a jikin kwalba, ka rubuta ranar da ya halatta a yanka shi. Allurar oksitetirasaikilin mai dogon aiki da ibamektin duk makonni suke ɗauka, ba kwana biyu ba. Yi allura a wuya, kada a cinya, domin wurin yakan bar tabo ko ƙurji a cikin nama mafi tsada. Namijin da ba a dandaƙe ba kuma, da ya balaga namansa yana wari in ya hau wuta, babu sinadarin da zai ɓoye wannan. A dandaƙe su a makon farko na haihuwa.

Mataki na 9: Ranar ɗauka da yanka

Aikin wata shida yana iya lalacewa a awa ɗaya. In alade ya sha duka, kora da zafi dab da yanka, tsokarsa tana tara tsami da sauri tun gawar na da ɗumi, sai nama ya fito fari, lagwab, yana zubar da ruwa. Aladu masu jinin Fiyetiren, masu cika cinya, sun fi saurin kamuwa da wannan fiye da Duroc ko Large White. In kuma ya kwana biyu a hanya da yunwa da wahala, akasin haka ne: nama ya yi duhu, ya bushe, ya yi saurin ruɓa.

Janye abinci awa 12 zuwa 18 kafin yanka, ruwa kuwa ya kasance a gabansa har ƙarshe. Yi lodi da asuba. Kora shi da faifan katako a gefensa, ba da sanda ba. Kada a haɗa aladun da ba su san juna ba a mota ɗaya, faɗa za su yi. In an isa, a bar shi ya huta awa biyu zuwa uku a inuwa, a yayyafa masa ruwa.

Mataki na 10: Bi naman ka duba

Roƙi mahaucin ya bar ka ka tsaya in an feɗe ɗaya daga kowane ɗaki. Nauyin gawa yakan kai kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na nauyin rai. Sa rula ka auna kaurin kitsen baya a daidai haƙarƙari na ƙarshe, yatsu uku zuwa huɗu daga tsakiyar baya. Bayan naman ya huce, latsa kitsen da babban yatsa: mai kyau fari ne, yana turjewa, ba ya barin maiƙo mai yawa a yatsa. Dubi hanta: fararen ɗigo-ɗigo alamar tsutsa ce ta ratsa ta, wato Mataki na 1 bai cika ba. Hanta mai launin rawaya-rawaya, mai tauri, koma ka binciki masararka.

In kana da firji, yanki giram 100 na naman gadon baya, ka rataye shi da zare a cikin leda yadda ba zai taɓa gindinta ba, ka bar shi kwana biyu, ka goge ka sake aunawa. In ya rasa giram 2 zuwa 5, lafiya lau. In ya haura haka, fara da tambayar yadda aka ɗauko aladen da yadda aka yanka shi kafin ka zargi abinci. Rubuta sakamakon a shafi ɗaya da lissafin nauyin ɗakin da ya fito.